Bujin Jirgin Kailu

"Kai, miƙo jakar ga!" soja ya daka wa Kailu tsawa a shingen Baleyara.

Kailu ya buɗe jakar. Ɗan jirgin wasa ne a ciki, shi ya haɗa abinsa, amma yanzu duk abin da ke tashi sama yana iya kai mutum kaso. A ɓoye ya sassauta buji, fulogin da ke tada injin.

"Matacce na, shef. Bai tashi."

Sojan ya murɗa bujin da yatsu, ya ƙara ɗan juyi da sufana, ya jona batir, ya bugi farfela. Injin ya kama ruri.

Kailu ya fara salati.

Sojan ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Ni ma ina da irin jirgin ga. Bujin nawa na matse da ƙarfi har haƙoran murɗinsa suka cinye. Don Allah malam, kana gyara?"