Bargon Umma a Jikin Fiyano

"Bargon Umma ka yanka?" na daka wa ƙanena tsawa. "Tun rasuwarta nake neman sa, ashe jakar fiyano ka mayar da shi!"

Yana tsaye bakin ƙofa, rungume da abin kiɗan nasa. An cusa wa jakar soso, an sa mata zif da hannun ɗauka.

"Yaya, ki saurare ni..."

"Rufe min baki! Matar da ta rantse in ka ƙara shigo mata gida da tarkacen nan sai ta ƙona shi? Ko kunya ba ka ji!"

Na fizge, na zazzage fiyanon kan kujera, na ɗauko almakashi. Ina juya cikin jakar, hannuna ya tsaya. Ɗinkin hannu ne, kowane ƙarshe da ƙulli uku. Umma ce ta koya min wannan ƙullin.

"Cewa ta yi kar ya bugu a hanya," in ji shi. "Kuma kar in gaya miki."

Shekara shida ina gaba da shi don in faranta mata.