Muryar da Ta Ɗaga Jirgin Kwamanda

Jirgin ya sake faɗawa kan wayar kuran, wato ta lantarki, allon ya yi ja wur, Kwamanda Yacouba kuwa ko a jikinsa. Ya cire abin kunne, ya yi miƙa, ya tambaya ko akwai sauran shayi.

Sa'ar da aka yi, jirgin gwaji ne: kujera ɗaya da manyan alluna a cikin wani ɗaki na biron Halidu, wato ofishinsa da ke unguwar Dar es Salam a Yamai. Halidu shi ne mai ɗan kamfanin, kuma wannan ne babban aikin farko da ya taɓa faɗowa hannunsa. Wata ƙungiya mai ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da ruwa ke yankewa da damina ta ba shi aikin tsara allon da matuƙin elikoptarta zai riƙa kallo. Sharaɗin ɗaya ne, sai babban matuƙinsu ya ce ya yarda. Babban matuƙin kuwa shi ne wannan mai neman shayi.

Anisa, injiniyar da ke zana allon, ta yi duk abin da ta sani. Da Kwamanda ya ce lambobi sun yi yawa, ta rage su. Da ya ce ranar Yamai tana kashe shuɗi, ta canza launi. Ta ƙara girman alamar mai, ta maido tsayin jirgi tsakiya. Duk ya yaba. Gargaɗin waya da dogayen itatuwa ne kawai ya gagara.

"Madam, in zan sauka a fili, idona yana waje," in ji Kwamanda. "Allonki ya yi ta ja, ni ban gani ba."

Ta sa ƙararrawa, ya ce kamar ta mai sayar da ƙanƙara. Ta sa muryar wata Baturiya mai faɗar gargaɗi da Faransanci, ya ce muryar ta yi daɗi har tana sa shi gyangyaɗi. Halidu yana dariyar yaƙe. Ya san maganar ba ta wasa ba ce. Waya ɗaya da ba a gani ba ta isa ta kayar da jirgi da mai naƙuda a ciki.

Ana cikin wani gwajin sai salular Kwamanda ta yi ƙara. Mutumin da ƙararrawa ba ta motsa shi ya zabura ya miƙe tsaye, ya cire hula.

"Na'am. To. Yanzu, in sha Allah."

Ya ba da haƙuri ya fita da sauri. Halidu ya gyaɗa kai, a ransa ya ce lalle wannan kiran daga sama yake, in ba minista ba to janar. Anisa kuwa ta bi ƙofar da kallo, tana taunar bakin alƙalami.

Washegari ba ta zo biro ba, kuma jibi ne gwajin ƙarshe. Halidu ya kira ta ya fi a ƙirga. Da ta ɗauka sai ya ji ƙugin motoci da iskar gada, ta ce tana hanyar ƙetaren kogi, tana da aiki. Sai bayan la'asar ta dawo, da kwanon kopto, kwaɗon zogale, da aka cika mata har baki, tana ta murmushi ita kaɗai.

"Mu muna nan hankali a tashe, ke kina yawon gaishe-gaishe?"

"Patron, ci kopto," ta ce, ta shige ɗakin gwaji ta rufe ƙofa.

Ranar gwaji shugabar ƙungiyar ta zo da kanta, ta zauna a baya da tabarau a kan hanci. Kwamanda ya hau kujera yana fito. A allo jirgi ya tashi, ya bi kogi, ya wuce gonakin shinkafa, ya nufi wani ƙauye da ruwa ya kewaye. Halidu ya san inda Anisa ta ɓoye wayar, can bayan giginyu. Ya damƙe hannun kujerarsa. Jirgi yana sauka, yana sauka, idon Kwamanda yana kan filin.

Sai wata murya ta fito, muryar tsohuwa, mai kaifi, da Hausa tsantsa:

"Kai, ɗan nan! Yi sama!"

Kafin ta rufe baki jirgin ya yi sama. Wayar ta wuce ta ƙarƙashinsa, allon ya koma kore. Kwamanda ya gyara zama, kafaɗunsa suka miƙe, fiton ya tsaya cak.

Shugabar ta ce a sake, a canza wurin wayar. Aka sake. Aka saka dogon ƙarfen salula, aka saka itacen kuka. Duk lokacin da tsohuwar ta tsawata, jirgin yana sama tun kalmar farko. Shugabar ta cire tabarau ta yi tafi. Halidu ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka, har ya fara tunanin ragon da zai sa a gasa wa ma'aikata. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai: yadda muryar da ba ta da ko daɗin ji ta yi abin da Baturiya ta kasa.

Kwamanda ya sauko yana share gumi, dariya tana cin sa har da hawaye. Ya gaya wa shugabar ya yarda, a saka allon a jirgi yadda yake. Sannan ya juya wurin Anisa yana kaɗa mata yatsa.

"Madam, kin gama da ni. Ki dai faɗa mini gaskiya, wa ya nuna miki gidan Innata a Kirkissoye, ƙetaren kogi, har kika ɗauko muryarta?"