Yatsu Uku

Shafi na goma sha huɗu ne ya hana littafin fita. Kwana tara ke nan Hussaini yana buɗe shi yana rufewa, mai maɗaba'ar Bagdadiyya kuma ya ce ranar Alhamis halas, ita ce ta ƙarshe, ko a kawo ko a haƙura.

Tarihin Ƙungiyar Masuntan Ruwais ne, wadda ta cika shekara arba'in. 'Ya'yan alhazan da suka zo aikin hajji suka zauna ne suka kafa ta, lokacin da najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo, ya fara wuyar gani a bakin teku. Dokarsu guda ce tal, marigayi Abdulghaffar ya shimfiɗa ta: duk najil ɗin da bai kai kamu ɗaya ba, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, a mayar da shi ruwa ya girma ya hayayyafa. Ya yanka katako daidai kamunsa ya rataye a bango, ya ce shi ne alƙali. Wanda ya karya doka a goge sunansa daga allon ƙungiya. Ga marigayin nan a hoton shafin farko, ya hau akwatin ƙanƙara don kada a neme shi cikin jama'a a rasa.

A shekara arba'in ɗin nan mutum ɗaya aka taɓa gogewa. Muath, aminin Hussaini tun suna yawo ba takalmi. Maganarsa ce a shafi na goma sha huɗu.

Shekarar ambaliya abin ya faru. Ambaliyar ta zo bayan rasuwar Abdulghaffar da 'yan makonni. Ruwa ya cika ɗakin ƙungiya da laka, ya yi gaba da tabarmi da duk abin da ya samu. Hussaini, sabon shugaba, bai jira kowa ba. Shi kaɗai ya tsaya da hannunsa ya mayar da komai yadda yake, har yau kuma yana son a riƙa ambaton hakan.

Wata biyar bayan nan Muath ya shigo da najil yana fara'a. Aka ɗora shi kan katako, ya gaza da yatsu uku. Muath ya rantse ya auna a kan tsagar da marigayi ya yi masa da wuƙarsa a gefen jirgi. Aka ɗauki katako aka je jirgin, tsagar ma ta gaza da yatsu uku. Nan magana ta ɓaci, domin yanzu ba ƙaramin kifi kawai ya riƙe ba, har alamar mamaci ya taɓa. Hussaini ya jiƙa tsumma ya goge sunan da kansa. Tun ranar ko a jana'iza suka haɗu, kowa gefensa yake kallo.

Ranar Litinin Arwa, 'yar Muath, ta same shi a ɗakin ƙungiya. Ta ƙi zama.

"Ya ammi, diktor ya ce Baba ba zai kai Ramadan ba," ta ce, Hausarta tana tuntuɓe da Larabci. "Ba ya son komai. Bas sunansa kawai a cikin kitab, tare da sauran."

"Ke 'yata ce, Arwa. Amma ba zan rubuta ƙarya a tarihi ba."

"Shekara goma sha huɗu, wallahi bai canza maganarsa ba ko sau ɗaya."

Ta tafi ta bar shi da shafin. Tausayi ya kama shi, ya kuma ji haushin tausayin. Idan ya mayar da sunan, ya nuna doka wasa ce, gobe kowa ya kwashi ƙananan kifi ya jira a yafe masa a gadon asibiti. Idan ya ƙi, amininsa zai mutu da sunan maha'inci. Abinci ya daina shiga masa.

Ranar Laraba ya ɗauki mota zuwa unguwar Khumra, inda rusau ya mayar da Hajiya Mastura, matar marigayi. Wai tsofaffin hotuna ya je nema. Gaskiyar magana, so yake wani babba ya ce masa ya yi daidai.

"Dogo, sunkuya kada ka tafi min da ƙofa," ta ce tana dariya. Ya sunkuya ya shiga, ya gaishe ta. Hotuna dai babu, amma ta jawo wani abu naɗe cikin tsohon zane. "Da muke kwashe kaya na gan shi a bayan kabad. Alhaji ya kawo shi gida zai shafa masa mai, sai ciwo ya kwantar da shi. Naku ne, ka sa a tarihin."

Bai buɗe ba sai da ya koma Ruwais. Katako ne, ya yi baƙi don tsufa, har da ɓawon kifi a manne. Na Abdulghaffar, wanda ya ɗauka ruwa ya tafi da shi.

Ya sauko da na bango, wanda ya yanka a makon ambaliya bai gaya wa kowa ba, kamu ɗaya cif kamar yadda doka ta ce. Ya haɗa su baki da baki. Na marigayi ya ƙare, na bango ya wuce shi da yatsu uku.

A hankali Hussaini ya naɗe hannun rigarsa ya ɗora gwiwar hannu a bakin sabon katakon, kan yatsansa ya sauka daidai ƙarshe: shekara goma sha huɗu da hannunsa ake awo.