Sikelin da Ya Kawo Mata Dubiya

Tun da ta karye a ƙafa take zaune a falo, ko ƙofar gida ba ta iya takawa, sai ƙiba ta fara sallama. Likita ya ce ta rage mai da sukari, amma kada ta bar ƙwai da madara, don ƙashi sai da abinci yake haɗewa. Haka take yi, tana danne kwaɗayinta.

Ranar da saurayinta ya zo dubiya, ko lemo bai riƙo ba. Ɗan sikeli ya zaro daga leda. Farantinta ya fara kallo kafin fuskarta, ya sa cokali ya ture ƙwan gefe.

"Ranki ya daɗe, an fa riga an ɗinka rigar biki," in ji shi. "Tela ya ce ba wurin buɗawa."

Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

"Tun da ka shigo, ka ce mini ya ƙafa?"

Ya sosa ƙeya.

Ta zare zobensa, ta ɗora kan sikelin, ta jawo ƙwanta.

"Kwashe kayanka. Tunda rigar za ka aura, je ka nemo mata wadda za ta shige ta."