Tsohon Irin Goggo Ladidi

Shekara tara ke nan da aka haramta wardi mai ƙaya a Jos. Na kamfani kaɗai ake dasawa: ba ya yaushi, ko ƙudan zuma ba sa kula shi.

Ranar bikin wardi, gari ya watse zuwa filin baje koli, sai wani baƙo ya yi sallama a ƙofar Goggo Ladidi, tsohuwar mai lambu. Ya durƙusa har ƙasa.

"Goggo, sunana Tanimu. Kakata ma wardi ta noma. An ce kina da tsohon iri. Ki sam min reshe ɗaya, kada gadonmu ya mutu."

Akwai shi kuwa, tushe guda a bayan makewayi, dashen mahaifiyarta. In aka gano, tumɓuke shi za a yi, a ƙwace lambun.

Ladabin nasa ya yi mata yawa. Ta saci kallon hannuwansa: sumul, ko tabo babu. Jinin masu wardi ba ya rasa karce.

"Wa ya faɗa maka, ɗan nan? Ni yanzu kabeji nake shukawa."

"To, a taimaka min da ruwa."

Ta cika moɗa, ta miƙa masa. Bai karɓa nan take ba. Idonsa na kan babban yatsanta, inda ƙaya ta karce ta da safe, jinin bai gama bushewa ba.

"Ashe kabeji ma ya fara ƙaya, Goggo," in ji shi. Ya shanye ruwan tas.