Ranar da Baba Ya Yaba

"Zubo mu ji, sarkin gaggawa," in ji Baba. Duk yankin Barossa babu mai hanci irin nasa wajen gane giyar inabi, kuma bai taɓa yaba wadda na haɗa ba.

Ya kaɗa kofin, ya shinshina, ya kurɓa, ya tofar.

"Liesel, bana kam kin kai. Ko ni sai haka."

Ina hawayen murna na kai kofin bakina. Tsami ya doki hancina. Ashe daga gangar da ta lalace na ɗebo. Hancin Baba ya mutu, bai kuma sani ba.

"Yaya? Na yi ƙarya?" ya tambaya yana murmushi.

"A'a, Baba," na ce, na shanye sauran kafin yayana ya shigo.