Man Kircin Madina

Ni na fara gano haɗarin man nan, kafin kowa a garinmu Akokan. Lokotoron asibiti ya ba jikata Madina shi saboda kirci, ya ce a shafa kaɗan, kwana bakwai. Na ƙwace.

"Baba, yarinyar nan tana susa har jini," in ji uwarta.

"Irinsa mata ke ɗaye fata da shi. Ni da ramin ma'adini bai kashe ba, a jikina za a gwada!" na ce.

Na yi ta laftawa a tsohon kircin ƙafata har ya ƙare. A farmasi babu wani man, motar magani ta daina zuwa tun da aka binne nakiyoyi a hanyar Agadas.

Mai musun ingancin man nan ya zo ya shafa ƙafata, sumul take. Amma kada ya tambaye ni Madina.